Igwa a wasan dabarun yaƙi: yadda za ka gane ko ta cancanci cin dogon zango a taswirarka

Masu buga wasannin dabarun yaƙi, na kwamfuta da na kan tebur, suna da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani ya ce wasan yaƙin duniya da babu igwa tana luguden wuta daga nesa ai wasan yara ne, tunda a Yaƙin Duniya na Ɗaya fiye da rabin waɗanda suka mutu ko suka jikkata a fagen daga harsashin igwa ne ya same su. Wani kuma ya ce abin dariya ne a ga bindiga tana zaune a Faransa tana rusa gari a tsakiyar Jamus, don kawai gida uku ne tsakaninsu a taswira, wato uku daga cikin ƙananan akwatunan da aka raba taswirar wasan da su. Abin da ya sa ba a rabuwa shi ne da baki ake yin gardamar, alhali ma'auni da ɗan lissafi ne ke raba ta.

Wannan jagora na wanda ke ƙirƙirar wasansa ne, ko mai yi wa wani wasa kwaskwarima, ko mai tsara dokokin wasan kwali da zai buga da abokai. Ra'ayina tun daga farko: a babbar taswira dole igwa ta shiga wasa, kuma ta yi nauyi, amma yawanci bai kamata ta zama wani soja mai zaman kansa da ke harbi ta saman kawunan 'yan uwansa ba. Ga yadda za ka gwada wannan a kan taka taswirar.

Mataki na farko: auna faɗin gida ɗaya

Zaɓi birane biyu da ka san tazararsu, ka ƙirga gidajen da ke tsakaninsu, ka raba. Daga Berlin zuwa Mosko kusan kilomita 1,600 ne a miƙe. In gida 100 ka ƙirga, kowane gida kilomita 16 ke nan. In 20 ka samu, kowane gida ya kai kilomita 80. In taswirarka larduna gare ta masu girma daban-daban, auna guda goma a inda aka fi gwabzawa, ka ɗauki matsakaici. Kada ka auna da lardunan Sahara ko na Siberiya, za su ruɗe ka.

Yanzu kawo zangon igwogin zamanin. Igwar da kowace rundunar Jamus ta dogara da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, mai bakin santimita 10.5, ba ta cika kilomita 11 ba. Ta Amurka mai milimita 105 ta ɗan haura 11. Ta Birtaniya da ake kira 25-pounder tana kai 12 da 'yan kai. Ta Tarayyar Sobiyet mai milimita 122 kusan 12. Rokokin Katyusha da suka yi suna kilomita takwas da rabi ne iyakarsu. Manyan da ake ajiyewa a hannun babban kwamanda su ne suka fi nisa: ta Sobiyet mai milimita 152 tana kai 17, Long Tom ta Amurka kuma wajen 23.

Akwai ragi da mutane ke mantawa. Ba a girke igwa a bakin daga. Ana ja da ita baya kilomita uku ko huɗu, don kada turmi, wato ƙaramar igwa mai cilla harsashi sama, da bindigogin abokan gaba su cinye masu harba ta. Ashe igwar da ke cin kilomita 11, bakwai ko takwas kawai take shiga cikin yankin abokin gaba. Wannan adadin za ka raba da faɗin gidanka.

In sakamakon bai kai ɗaya ba, magana ta ƙare, igwar ba ta ma ƙetare gidan da ke gabanta. In ya faɗa tsakanin ɗaya da biyu, tana iya taɓa maƙwabcin gida, amma ka lura, sojan ƙasa ma ai maƙwabcin gida yake kai wa hari, don haka babu wani zango na musamman a nan. Abin da 'yan wasa ke nufi da harbi daga nesa shi ne igwa ta tsaya a bayan abokinta ta harba ta samansa, wato gida biyu. A taswirar kilomita 16 wannan na nufin harsashi ya tsallake cikakken gida guda, kilomita 16 daga baki zuwa baki kafin ya taɓa komai. Long Tom za ta iya da ƙyar, sauran kuwa ko kusa. Sai gida ya sauko kilomita uku ko huɗu kafin igwar runduna ta samu zangon gida biyu ko uku na gaskiya, kuma a wannan ma'auni tsakanin Berlin da Mosko gida 400 zuwa 500 ne. Wasan da ke son nuna nahiya guda ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Mataki na biyu: duba tsawon zagaye

Taswira rabin lissafi ce, sauran rabin lokaci ne. Nawa ne zagaye ɗaya a wasanka, awa, kwana, mako ko wata uku?

Sojan ƙasa yana iya taka kilomita 20 zuwa 25 a rana. In zagayenka mako ne, a cikinsa an ɗaura igwa a bayan mota ko dawaki, an kai ta wani wuri, an girke, an harba, an sake tashi. Saboda haka in ka ga wasa mai zagayen mako ya ba igwa damar taimaka wa faɗan da ke gida uku ko huɗu daga inda take, kada ka yi saurin cewa ƙarya ce. Tafiyar igwar ake nunawa da ikon kwamanda na juya ta inda ake bukata, ba tashin harsashi ba. Bambancin yana da amfani wajen tsara doka. Zangon harsashi bai damu da laka ko kogi ba. Zangon tafiya kuwa dole ya ragu in hanya ta lalace, in gada ta karye, in damina ta sauka. Yawancin igwogin rundunonin ƙasa na Jamus dawaki ne ke jan su, shida ga kowace igwar santimita 10.5, kuma lakar Rasha ta Oktoban 1941 ta tsayar da su cik. Can a Bama, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda Hausawa suke da yawa a cikinta, ta shiga kwarin Kaladan a 1944 da 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, jiragen sama na jefo musu guzuri. Abin da ba a iya kwancewa a ɗauka bai bi su ba. In wasanka yana da daji da duwatsu irin waɗannan, manyan igwogi su tsaya inda titi ya ƙare.

Mataki na uku: zaɓi inda igwa za ta zauna

Hanyoyi huɗu ne aka saba bi, kuma kowace akwai wasan da za ka buɗe ka ga yadda take aiki.

Ta farko, a cusa igwa cikin runduna. Haka Hearts of Iron IV na kamfanin Paradox, wanda ya fito a 2016, ya yi. Ba ka ganin igwa a taswira, a allon tsara runduna kake saka ta. Bataliyar sojan ƙasa tana cin faɗi 2, wato wurin da take tarewa a fagen faɗa, ta igwa tana cin 3, shi ya sa tsarin nan na bakwai da biyu ya yi tashe shekarun baya: sojan ƙasa bakwai, igwa biyu, faɗi 20 cif. Abin koyi a nan shi ne farashin da aka ɗora. Igwa tana ƙara wa runduna ƙarfin duka a kan sojan ƙasa, amma ba ta ƙara mata juriya, don haka in ka cika runduna da igwogi za ta yi duka mai zafi sannan ta watse da wuri. Ga masana'anta da take ci. Ɗan wasa yana yanke shawara mai nauyi game da igwa ba tare da ya taɓa nuna mata inda za ta harba ba.

Ta biyu, igwa ta zama abokiyar tafiya. A Axis & Allies na kan tebur, inda yanki guda kan zama ƙasa sukutum, sojan ƙasa yana cin nasarar hari ne kawai in ƙwayar ludo ta nuna 1. Haɗa shi da igwa ɗaya, sai ya ci da 1 ko 2. Kuɗinta 4, nasa 3. Doka ce ta layi ɗaya, amma ta kama gaskiyar lamarin: amfanin igwa shi ne ta buɗe wa na ƙasa hanya. In wasan kwali kake tsarawa, fara da wannan kafin ka nemi wani abu mai wuya.

Ta uku, igwa a hannun hedikwata. Gary Grigsby's War in the East na 2010, mai gidan mil 10, wato kilomita 16, da zagayen mako guda, yana ajiye yawancin manyan igwogi a matsayin tallafi a ƙarƙashin hedikwata. In faɗa ya tashi kusa, hedikwatar na iya tura su, kuma ƙwarewar kwamandan tana cikin abin da ke sa su iso ko su makara. Wannan ita ce hanyar da na fi so ga duk taswirar da gidanta ke tsakanin kilomita 10 da 30, don ta yi daidai da abin da mataki na biyu ya nuna. Wasan ya bar ƙofa ɗaya: manyan rundunonin igwa zalla suna fitowa a taswira, suna shiga hari daga gida biyu. Tarihi ya ba shi hujja, domin daga ƙarshen 1942 Sobiyet ta fara tara igwogi a rundunoni na kansu, tana jibge su a ɗan ƙaramin wurin da take son fasawa har fiye da 200 a kilomita guda.

Ta huɗu ita ce wadda ake gardama a kai, igwa mai zaman kanta da zangon gida biyu ko uku. A Panzer General na 1994 ta zauna daram, saboda kowane fage yaƙi ɗaya ne a yanki ɗaya, kuma igwar tana kare maƙwabtanta: ka taɓa sojan da ke kusa da ita, ta yi maka ruwan wuta kafin ka iso. A Civilization V na 2010 kuwa, inda taswira duniya ce baki ɗaya, igwa tana cin gida uku, birni kuma gida biyu kawai yake iya ramawa. Ka jera igwa uku ko huɗu a inda birnin ba ya kaiwa, ka yi ta duka har ya rushe, ka tura mahayi ɗaya ya shiga. Da zarar ɗan wasa ya gano wannan, sauran yaƙe-yaƙensa maimaici ne.

Amma ka tambayi kanka me ya sa masu wannan wasan suka ba ta zango. Sun kafa dokar soja ɗaya a gida ɗaya. Tunda igwa ba za ta iya zama gida ɗaya da mai kare ta ba, dole ta tsaya a baya, kuma in tana baya dole a ba ta hannu mai tsawo. Zangon magani ne na matsalar da wata doka ta haifar. Don haka kafin ka zaɓa, duba dokarka ta tara sojoji. In ana iya tara uku ko huɗu a gida guda, ba ka bukatar zango ko kaɗan.

Mataki na huɗu: ƙayyade abin da luguden wuta ke yi

Ko wace hanya ka bi, nan ne aka fi yin kuskure. Ana ba igwa ikon share runduna daga taswira ita kaɗai, kuma tarihi bai yarda da haka ba.

Dubi yaƙin Somme a Faransa. Daga 24 ga Yuni 1916 Birtaniya ta yi kwana bakwai tana luguden wuta, harsashi fiye da miliyan ɗaya da rabi. Jamusawa suna can cikin ramukan da suka haƙa da zurfi a ƙarƙashin ƙasa. Harsasai da yawa ba su fashe ba, da yawa kuma irin masu watsa ƙananan ƙarafa ne da ba sa rusa rami, ba sa kuma yanke waya mai ƙaya yadda aka zata. Safiyar 1 ga Yuli da wuta ta ɗaga, suka fito da bindigogi masu sarrafa kansu suka hau bakin ramuka. A wannan rana ɗaya Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, a cikinsu 19,240 sun mutu. Igwa tana kashe wanda ta samu a fili, tana kashe mai tahowa hari, amma wanda ya haƙa rami sai dai ta danne shi na ɗan lokaci.

Ga yadda za ka mayar da wannan doka. Ka raba lafiyar runduna gida biyu, yawan mutane da kuma tsari, wato iya haɗa kai a yi faɗa. Luguden wuta ya fi cin tsari, ya rage darajar ramukan da aka haƙa, ya taɓa mutane kaɗan. Ka sa tsarin ya dawo a zagaye na gaba in ba a biyo da hari ba. Da wannan doka ɗaya ka kashe dabarar zama a nesa ana duka, don wanda ya harba bai tura sojan ƙasa ba ya ƙona harsashi a banza. Ka kuma sa iyaka: igwa kaɗai ba ta kai runduna ƙasa da wani kaso, misali kashi biyu cikin uku na mutanenta, sai in an yi mata ƙawanya. A gefen tsaro ka sakar mata hannu. Maharin da ya fito fili shi ne abincinta.

Sannan ka ba wanda ake duka abin yi, don babu abin da ke kashe daɗin wasa irin zama kana kallo ana cin ka. A tuddan Seelow, gab da Berlin, Janar Heinrici na Jamus ya hango lokacin da Zhukov, kwamandan Sobiyet, zai fara luguden wuta, ya janye mutanensa daga layin farko cikin dare. Asubahin 16 ga Afrilu 1945 dubban igwogin Sobiyet suka zazzage wuta, mafi yawanta a kan ramukan da babu kowa, kuma sai 19 ga wata aka fasa layin. Mayar da wannan zaɓi: mai tsaro na iya umartar runduna ta ja baya kaɗan a cikin gidanta, ta tsira daga rabin dukan, amma in harin ya zo ba tare da luguden wuta ba ta rasa wani ɓangare na kariyar ramukanta. Yanzu kowane ɓangare yana ƙoƙarin karanta zuciyar ɗan uwansa. Zaɓi na biyu shi ne igwa ta nemi igwa, kamar yadda Sobiyet ta riga Jamus buɗe wuta a Kursk daren wayewar 5 ga Yuli 1943.

Mataki na biyar: sa harsashi ya zama abin ƙirgawa

In ana son igwa ta yi kama da ta gaske a babbar taswira, a albarusai za a nuna, fiye da zango. A 1915 ƙarancin harsashi ya zama rikicin siyasa a Birtaniya, har aka kafa ma'aikata guda ta kayan yaƙi aka ba Lloyd George. A kakar 1944 Amurka da duk arzikinta sai da ta riƙa yi wa igwoginta rabon harsashi a Turai, saboda tashoshin jiragen ruwa da manyan motoci sun kasa biyo sojojin da suka yi nisa.

Yi lissafin da kanka. Harsashin milimita 105 kusan kilo 15 ne. Igwa 100, kowace ta harba 100, tan 150 ke nan, ba a sa garin da ke tura harsashin da akwatuna ba. Motar soja mai ɗaukar tan biyu da rabi sai guda 60 kafin ta kwashe, kuma wannan wutar 'yan awoyi ce. Na milimita 155 ya haura kilo 40.

Dokar da ke fitowa daga nan mai sauƙi ce. Kowace hedikwata, ko kowace rundunar igwa, tana tara alamar harsashi ɗaya a duk zagayen da ta zauna ba ta motsa ba, har zuwa wani adadi, ka ce biyar. Kusa da layin dogo ko tashar ruwa ta tara biyu. In an yanke mata hanya ba ta tara komai. Kowane luguden wuta yana cin alama, kuma ɗan wasa na iya zazzage duka a zagaye ɗaya. In ta tashi ta yi tafiya, rabin abin da ta tara ya zube, don ba a kwashe rumbun harsashi a dare ɗaya. Da wannan wasan zai samu numfashin yaƙin gaske: shiru na makonni, sai fashewa, sai sojoji su yi gaba su bar igwoginsu a baya, harin ya mutu da kansa, a sake jira. Haka gabashin Turai ya kasance daga 1943 zuwa 1945, kuma ba ka bukatar wata doka ta daban da za ta tilasta shi.

Ka bar abokin gaba ya iya hango tarin, ta jirgin leƙen asiri ko wata hanya. In ya ga alama biyar a gaban wani gida, ya san inda za a fasa, ko kuma ana yaudararsa.

Mataki na shida: gani da mamaya

A taƙaice, igwa ba ta dukan abin da ba a gani ba. In babu sojanka a maƙwabcin gida ko jirgi a sama, rage dukan da rabi ko ka hana shi. Ka kuma bambanta dogon luguden wuta da gajere. Dogo yana cin ramuka sosai amma yana ba mai tsaro zagaye guda ya kawo ɗauki. Gajere yana zuwa tare da harin. A Cambrai ranar 20 ga Nuwamba 1917 Birtaniya ta buɗe wuta ba tare da harbin gwaji na kwanaki ba, lissafi da taswira kawai, kuma a 21 ga Maris 1918 Jamus ta yi awa biyar kacal bisa tsarin Bruchmüller, wani hafsanta gwanin igwa, ta fasa layi. A wasan Yaƙin Duniya na Ɗaya wannan ya dace ya zama fasahar da ake buɗewa a ƙarshe-ƙarshe.

Mataki na bakwai: waɗanda suka cancanci zango na gaske

Akwai 'yan kaɗan da lissafin mataki na farko ya wanke. Igwar da Jamus ta harbi Paris da ita daga Maris zuwa Agusta 1918 tana cin kusan kilomita 120, kamar mutum ya tsaya a wajen Zariya ya nufi Kano. Amma birni guda take iya samu, ba wani gini ba, kuma mutanen da ta kashe wajen 250 ne a duk tsawon watannin. A wasa, abin da za ta taɓa shi ne ƙwarin gwiwar jama'a, kaɗan, ba runduna ba.

Schwerer Gustav mai bakin santimita 80 nauyinta tan 1,350, harsashinta mai fasa kankare tan bakwai. Sai da aka shimfiɗa mata layin dogo na musamman, dubban mutane suka yi makonni suna aiki, sannan ta harba harsashin da bai kai 50 ba a Sevastopol a Yunin 1942. Igwogin dogo na K5 da suka addabi sojojin ƙawance a Anzio ta Italiya a 1944 sun fi ta amfani nesa ba kusa ba, suna cin sama da kilomita 60, suna harbi su koma cikin ramin dutse su ɓuya. Ga kuma igwogin gaɓar teku da suka riƙa musayar wuta ta saman mashigin Dover, mai faɗin kilomita 30 da ɗoriya, daga 1940 zuwa 1944.

Irin waɗannan ka ba su zango, amma da sharuɗɗa: ba sa sauka daga layin dogo ko daga inda aka gina su, suna cin zagaye biyu ko uku kafin su shirya, suna da tsada ƙwarai, kuma aikinsu a kan ganuwa da birni da tashar ruwa ne. Ƙarin No Step Back da aka yi wa Hearts of Iron IV a 2021 ya bi kusan wannan hanya: igwar dogo tana fitowa a taswira da da'irar zangonta, kuma abin da take yi shi ne raunana abokan gaba a faɗan da ake yi cikin da'irar. Ka ƙayyade yawansu ma. In ɗan wasa zai iya gina ashirin, ka dawo da matsalar da ka gudu ta bayan gida.

Haka nan birnin da aka yi wa ƙawanya, irin Leningrad da ta sha harbi tsawon kwana 872 na tsarewa. Amma a nan maƙwabcin gida ne ake duka, don haka doka ta musamman ta tsare birni ta wadatar.

Mataki na takwas: gwaji

Kada ka yarda da dokarka sai ka buga ta. Zana ɗan fili mai gida goma a tsaye goma a kwance, kogi a tsakiya, birni ɗaya a bayan kogin. Ba kowane ɓangare kuɗi daidai. Mai tsaro ya sayi abin da ya saba. Mahari ya buga sau uku: da sojan ƙasa zalla, da gauraye, sannan da igwa iya yawan da kuɗinsa ya saya da 'yan sojan ƙasa biyu. Abin da kake so ka gani shi ne na farko ya sha kashi a bakin kogi, na biyu ya ƙetare da wahala, na uku ya ƙare harsashi bai kama komai ba. In na uku ne ya fi cin nasara, koma mataki na huɗu ka rage abin da duka ke ci, ko na biyar ka rage tarin.

Sai ka riƙe agogo. Igwa mai zaman kanta tana nufin kowane zagaye ɗan wasa zai zaɓi kowace guda, ya nuna mata wuri, ya jira sakamako. Goma ba komai. A fagen da ya tashi daga tekun Baltik zuwa Bahar Aswad za su kai ɗari, kuma mutumin da ya zauna don ya zama shugaban ƙasa a lokacin yaƙi ya koma kofur mai saita bindiga. In zagaye ya ƙaru da fiye da kwata saboda igwa, mayar da su hannun hedikwata.

In wasan na kwamfuta ne, bar kwamfutar ta buga ɓangarorin biyu kana kallo. Duba ko tana ajiye igwa a bayan sojan ƙasa ko tana tura ta gaba tsirara, ko tana jira tarin harsashi ya cika kafin hari, ko tana janye igwa in layi ya fashe. Jera sojoji a bayan juna bisa zango yana cikin abubuwan da kwamfuta ta fi kasawa, mutum kuma ya fi iyawa, don haka duk gidan zango da ka ƙara, ɗan wasa ka ƙara wa. In ba ka da lokacin koya mata wannan, igwar da ke cikin runduna ko a hannun hedikwata ita ce kwamfuta za ta iya amfani da ita ba tare da ka rubuta mata wata sabuwar dabara ba.